Sarewar Baffa da Kibod Mai Taya

Ni dai tun ina ƙarama ba na iya ganin abu mai maɓalli in wuce ban danna ba. Rediyon kawuna ni na lalata shi, agogon bangon ajinmu ni na kwance bayansa don in ga abin da ke motsi a ciki, kuma na sha bulala a kan duka biyun ban daddara ba. Shi ya sa da na zama malamar firamare a unguwar Yelwa, na lallaɓa na sayi wata tsohuwar laftof ta hannu don buga sakamakon jarrabawa, babu wanda ya yi mamaki a danginmu. Laftof ce mai nawa ta gasken-gaske. Sai ka kunna ta ka je ka ɗora ruwan shayi, ka dawo ka tarar tana nan tana shawara. Idan fankar cikinta ta tashi kuwa, ka ce injin markaɗe aka tayar. Ramukan sa waya biyu gare ta, ɗayan ma ba ya riƙe komai sai an tokare shi da takarda.

Mahaifinmu, Baffa muke ce masa. Makiyayi ne, kuma a ruga aka haife ni can bayan ƙauyen Miri, kafin shanu su ragu mu tare cikin gari. Ni ce 'yar fari, a wurinmu kuwa uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Kunya ce da aka gada, ba ƙiyayya ba. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Idan yana da magana da ni sai ya dubi bango ya ce "ke", ko ya gaya wa ƙanena ya gaya mini, alhali ga ni zaune a wurin. Na saba, amma ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da na yi kwaɗayin jin yadda sunan zai fito daga bakinsa.

Abin da bai taɓa yi mana rowarsa ba shi ne busa. Sarewarsa ta kara ce, mai huji huɗu, da kansa yake yanka ta ya huda ta da ƙarfe mai zafi. Yana da busar fitar da shanu da safe, da ta kai su ruwa, da ta kora su gida. Akwai kuma wata gajeruwa da take hawa sama, sannan a ƙarshenta ta lanƙwasa ta ɗan sauko. Ina yarinya, duk lokacin da na ji wannan sai in ɗauki ƙwaryar fura ko butar ruwa in bi sautin har in same shi, don na ɗauka alama ce ta shanu sun kwanta, ya samu sararin sa wani abu a baki.

Da tsufa ya zo, sai ciwon ƙirji ya kama shi. Numfashinsa ya gajarta har daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ya tsaya ya huta. Ƙanena ya ci gaba da kula da 'yan shanun da suka rage a Miri, aka kawo Baffa wurina saboda gidana ya fi kusa da asibiti. Ka ji zama: uba da 'yar fari a gida ɗaya, maigidana yana aiki a wani gari sai ƙarshen wata, babu na ukun da za a aika da magana. Bangon falona ya sha labari a watannin nan.

Ran nan na dawo daga makaranta, sai na hango shi ta taga riƙe da sarewar. Ya kai ta baki, ya ja numfashi, sauti ɗaya ya fito, sai tari ya sarƙe shi. Da tarin ya lafa bai ajiye ta ba. Ya ɗora ta a cinya, yatsunsa suna hawa suna sauka a kan hujin, babu sauti ko kaɗan. Ya daɗe yana haka. Na tsaya a waje da jakata a kafaɗa, raina ya ɓaci ƙwarai, don na gane busar tana nan a yatsunsa cif, iska ce kawai babu. Ƙanena bai koya ba, ni kuma mace ce, ba a ba ni ba. Idan Baffa ya tafi da ita, ta tafi ke nan.

To, ɗaliban jami'a da ke haya a bayan gidanmu kullum suna damun mu da kiɗa, kuma na sha jin ƙarar sarewa tana fitowa daga ɗakinsu alhali na san babu mai busa a cikinsu. Daga kwamfuta take fitowa. Sai tsohon halina ya motsa. Idan yaran nan za su sa kwamfuta ta yi busa da yatsa, me zai hana Baffa?

Na je wurin maƙwabciyata. Ma'aikaciyar jinya ce daga kudancin jiharmu, Sista kowa yake ce mata, ita ke leƙo Baffa tana duba shi, kuma ita ke kaɗa kibod, abin kiɗan nan mai farare da baƙaƙen maɓallai, a cocinsu. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, komai "shi" ne, kuma ba ta iya ɓoye abin da ke ranta. Ta saurare ni, ta dubi laftof ɗina ta juya ta gaba da baya.

"Malama, wannan laftof naki ya girmi Baba ai," in ji ta.

"Ki bar zagin laftof ki gaya mini ko zai yiwu."

Ta ce zai yiwu, amma kada in yi haɗama. Manyan manhajojin kiɗa da ɗaliban ke amfani da su za su shaƙe ta. Muka sauke wata 'yar ƙarama, mara nauyi, da sautin sarewa guda ɗaya tak. Da farko na ce ai ba sai na sayi komai ba, tunda laftof tana da nata maɓallan rubutu, kuma manhajar tana yarda a yi kiɗa da su. Na kai wa Baffa, na ajiye a gabansa, na gaya wa bango cewa idan aka danna nan sarewa za ta yi kuka.

Ya daɗe yana kallon abin. Sannan ya miƙa yatsa ya danna. Shiru. Har ya janye hannu, sai sautin ya fito. Ya sake dannawa, sautin ya sake makara. Ya ture laftof ɗin a hankali ya ce, "Wannan ba ta ji da wuri."

Wannan jinkirin ya hana ni sukuni kwana biyu. Me take yi a tsakanin dannawa da fitowar sauti? Ina sautin yake tsayawa? Sista ta ce kwamfuta ba ta fitar da sauti ɗiɗɗiga-ɗiɗɗiga, tara shi take yi kamar mai awo da ke jiran mudu ya cika kafin ta juye. Idan mudun babba ne sai a daɗe ana jira. A cikin manhajar akwai wurin rage shi. Na rage shi sosai don zumuɗi, sai sautin ya koma ƙaraf-ƙaraf, laftof ta kasa bi. Na ƙara kaɗan, na rufe duk wani abu da ke buɗe, na kashe intanet, na ɗora laftof ɗin a kan murfin tukunya don iska ta shiga ƙarƙashinta. A haka muka daidaita da ita. Ranar na ji daɗi har na manta ban ɗora girki ba.

Amma maɓallan rubutu ba su yi ba. Sun yi ƙanana, yatsan Baffa ɗaya yana danna biyu, kuma ko ka taɓa a hankali ko ka doka, ƙarar ɗaya ce. Sai Sista ta ce bari ta kawo nata kibod ɗin mu gwada. Mu biyu muka ɗauko shi, dogo ne mai maɓalli sittin da ɗaya, da nasa lasifika da nasa sautuka, kuma sai an jona shi da wuta. Muka jira har aka kawo wuta da la'asar.

Baffa ya dube shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan ya ce wa Sista, "'Yata, ina zan kai waɗannan haƙora haka? Sarewata huji huɗu ce."

Da Sista yana magana kai tsaye, har da dariya, ni kuwa 'yar cikinsa sai ta bango. Na ji kishi, kuma na faɗa mata daga baya, ta yi ta yi mini dariya.

Ta kama hannunsa ta ɗora a tsakiya. Ya yi ta lalube, yana dannawa yana karkata kunne, har ya ware maɓalli biyar ya ce waɗannan ne nasa. Ya fara da busar fitar da shanu. Tana tuntuɓe, amma ita ce, na gane ta nan take. Sai ya koma kan gajeruwar nan mai lanƙwasa a ƙarshe. Ya hau da ita lafiya, da ya zo sautin ƙarshe sai ya danna farin maɓalli, ya girgiza kai. Ya danna baƙin da ke kusa, ya sake girgiza kai. Ya yi ta kai da kawowa tsakaninsu.

"Abin nan bai kira ba," in ji shi.

Sista ta ce ya rera mata da baki ko da a hankali ne. Ya rera, muryar tana rawa. Ta rufe ido ta saurara, sannan ta ce, "Malama, sautin da Baba yake nema ba ya kan fari, ba ya kan baƙi. Yana tsakani. Kuma ba tsalle yake yi ya je wurin ba, zamewa yake yi."

Na ɗauko sarewar na tambayi bango yadda ake yin wannan a jikinta. Baffa ya karɓa ya nuna wa Sista: yatsa ba ya rufe hujin ƙarshe gaba ɗaya, mirginawa yake yi a hankali ya rufe rabi. Ashe shekara da shekaru ina jin abin ban san rabin huji ba ne. Sista ta ce akwai kibod da ke da 'yar taya a gefen hagu, idan ka murza ta sai sautin ya lanƙwasa sama ko ƙasa. Nata ba shi da ita, don waƙoƙin coci ba sa buƙata. Ga shi kuma tana zuwa da shi koyon waƙa sau biyu a mako, ba za ta iya bar mana ba. Dole in nemi namu.

Kafin in tafi kasuwa ta yi mini karatu. Ta ce kada in sayi mai lasifika, in nemi irin wanda ba ya ƙara da kansa, wanda aikinsa kawai ya gaya wa kwamfuta abin da yatsa ya yi. Ya zama yana shan wuta daga jikin laftof, don kada mu riƙa zaman jiran masu kawo wuta. Ya zama yana gane taɓawa a hankali da taɓawa da ƙarfi. Ya zama da taya. Sannan ta ce in tafi da laftof ɗin, kada in yarda da abin da aka gwada mini a kan kwamfutar shago.

Akwai abu ɗaya da ba ta faɗa ba, ni na yi tunaninsa: faɗin yatsan Baffa. Ba zan iya kama hannunsa in auna ba, wannan ko a mafarki. Amma yana da wani zoben azurfa da yake cirewa idan zai yi alwala. Ranar Asabar da safe na ga ya manta shi a bakin taga, na ɗauke na sa a jaka na hau keke mai ƙafa uku.

Shagon yana wajen kasuwar Wunti, cike da lasifikoki da wayoyi. Mai shagon dattijo ne mai fara'a da daɗin baki. Da ya ji abin da nake nema sai ya sauko da wani mai maɓalli arba'in da tara, da fitilu ja da kore, da 'yan faya-fayan roba na buga ganga, da abubuwan murzawa jere reras. Wallahi ya burge ni. Hannuna har ƙaiƙayi yake, na murza wannan na ja wancan, ina tambayar aikin kowanne, shi kuma yana ta zuba bayani.

"Hajiya, wannan shi 'yan situdiyo ke rububi. Kin saya kin huta."

Na ciro laftof ɗina na ajiye a kan kantar shagon. Ya dube ta ya yi gyaran murya. Muka jona. Fitilun suka kama, suka yi ƙyaf-ƙyaf, suka mutu, suka sake kamawa. Fanka ta tashi da kukanta. Laftof ta ce ta ga baƙo, can ta ce baƙon ya tafi, can ta ce ya dawo. Ramin nata ba shi da ƙarfin ciyar da wannan uban fitilu.

"Laftof ɗin za ki canza, Hajiya," in ji shi.

"Alhaji, kibod na zo saya. Ita wannan tare muka zo, tare za mu koma."

Ya yi dariya ya kawo wani ɗan ƙarami kyakkyawa da zai shiga jakar hannu. Laftof ta karɓe shi ba gardama. Na ciro zoben na ɗora a kan maɓalli ɗaya, sai ga zoben ya haura kan na kusa da shi. Na ce a'a. Ya tambaye ni zoben na mene ne, na gaya masa. Daga nan ya daina yi mini talla, ya shiga neman abin tare da ni. Ya kawo na uku, maɓallansa manya, amma a madadin taya wasu 'yan madannai biyu aka sa masa. Na danna, sautin ya yi tsalle ya dira a ƙasa lokaci ɗaya, babu zamewa. Na ce wannan ma ba shi ba ne, rabin huji nake nema. Ya ce shekarunsa nawa a sana'ar nan ba a taɓa zuwa masa da wannan magana ba.

Can ƙarƙashin kanta ya jawo wani na hannu, baƙi, duk ƙura, ba fitila ba ado. Maɓalli ashirin da biyar, manya irin na Sista, da taya biyu a gefen hagu. Zobe ya zauna a kan maɓalli ɗaya daram. Laftof ta karɓe shi, fankar ma ba ta tashi ba. Na danna maɓalli na murza tayar farko, sautin ya zame ƙasa sumul, na saki ta koma tsakiya da kanta. Na tambayi aikin ta biyun, ya ce wannan ba ta komawa da kanta, kuma ana iya ba ta aikin da aka ga dama a cikin manhaja. Na ce a naɗe mini shi. Ya ce idan bai yi wa tsohon ba in dawo da shi cikin kwana biyu, muddin ba a ji masa ciwo ba.

Na mayar da zoben bakin taga kafin azahar. Da na ajiye kibod ɗin a gaban Baffa, tun ban jona waya ba ya kai hannu ya danna. Ba sauti. Ya danna wani, ba sauti. Ya dubi bango ya ce, "An cuci wata a kasuwa yau."

Na ce wa bangon ba a cuci kowa ba, abin bebe ne, sai an haɗa shi da laftof yake magana. Na jona, ya danna, sarewa ta amsa nan take. Ya zare wayar da kansa ya danna, shiru. Ya mayar ya danna, ta amsa. Ya yi haka sau uku, a nan na gane wurin wanda na gado halina. Sannan ya ce, "Ashe kara ne shi ma. Waccan ce mai numfashin."

Ranar Litinin na dawo daga makaranta na tarar da aika-aika. Baffa ya sa wuƙarsa ya yi wa maɓalli biyar tsaga a baki, kowanne da irin tasa, yadda yake yi wa kunnen maruƙa. Ga ɓarɓashin farar roba a kan tabarma. Raina ya tashi. Abin da aka ce in dawo da shi ba ciwo! Ba dama in ɗaga masa murya, don haka na juya na fuskanci bango sosai na zazzage masa. Na ce wasu mutane ba su san wahalar da aka sha a Wunti ba, wasu mutane da an tambaye ni da na kawo tef na manna musu, yanzu ga shi ko bai yi ba ya zama namu.

Ya bari na gama tsaf. Sannan ya ce, "A gaya wa bangon, idan ban sa alama ba, yaya zan gane nawa a cikin wannan garke?"

Dariya ta ƙwace mini na fita tsakar gida. Daga baya na lura ba kallon maɓallan yake yi ba idan yana kiɗa, ido yake rufewa, tsagar ce ke gaya wa yatsa inda yake. Tef ba zai yi wannan ba.

Saura taya. Da farko idan ya murza sai sautin ya zarce inda yake so, ya faɗa can ƙasa. Ni da Sista muka tono wurin da ake rage nisan lanƙwasar a cikin manhaja, muka rage. Ta biyun kuma muka ba ta aikin ƙarfin sauti, ya zama idan ya tura ta busar ta cika, idan ya jawo ta ta yi laushi har ta ɗauke. Sista ta ce masa, "Baba, wannan shi ne numfashinka yanzu." Ya ɗora babban yatsansa na hagu a kai, ya tura ya jawo, ya tura ya jawo.

Kullum kafin in tafi aiki sai in kunna masa laftof, in jira ta gama shawararta, in tokare waya da takarda, in ɗora ta a kan murfin tukunya. Amma jikin nasa yana ta ja baya. Wata rana Sista ta gama duba shi ta ja ni ƙofar gida ta ce, "Malama, idan akwai abin da za ki ɗauka, ki ɗauka yanzu." Na gane abin da take nufi. Daga ranar na koyi danna jan maɓallin ɗaukar busa a cikin manhajar, kuma ba na barin ya zauna gaban kibod ban danna ba.

Muka ɗauki busar fitar da shanu, ya saurara ya ce to. Muka ɗauki ta ruwa da ta komawa gida, ya ce to. Gajeruwar nan ce ta ƙi. Ni a kunnena ta yi, Sista ma ta ce ta yi, shi kuwa sai ya buga, ya ɗan jira yana sauraro, ya ce, "Bai kira ba." Kwana da kwanaki haka, ga shi zaman ma yana gajiyar da shi. Tsoro ya sa na ƙufula. Na ce wa bango shanun suna Miri, ta ina za su ji daga Yelwa? Idan ana so in ɗauki shatar keke in kai laftof har garke a gwada, sai in kai. Ya ce ba sai an kai ba. Ya sake ɗora yatsa a kan taya.

Ranar wata Asabar da hantsi na kunna masa, na danna ɗauka, na tafi bayan gida ina wanke shinkafa. Ina jin sa sama-sama yana maimaitawa, na ma daina kula, hankalina yana kan tsakuwar da nake tsincewa. Ban san lokacin da na ajiye ƙwaryar ba. Ban san lokacin da na ɗebi ruwa a randa ba. Na dai ga kaina tsaye a ƙofar falo, hannuna jiƙe, riƙe da kofi, bakina yana cewa, "Na'am, Baffa."

Ya ɗauke hannu daga kan kibod ɗin. Ya dubi bango ya ce, "To. Yanzu ya kira."

Na tsaya riƙe da kofin. Na tuna ƙwaryar fura, na tuna butar ruwa, na tuna yadda nake ratsa ciyawa ina bin sautin nan, kuma ban taɓa tarar da shanun a kwance ba sai jefi-jefi. Babu saniyar da ta taɓa ɗaga kai saboda wannan busar. Ni kaɗai nake zuwa.

Na karya al'ada, na dube shi ido da ido na ce, "Baffa, dama ni ce?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Da me za a kira ki, to?" Sannan ya miƙo hannu ya karɓi ruwan ya sha.

Na koma bayan gida na zauna kusa da shinkafar na yi kuka sosai, na farin ciki da na haushin kaina. Shekara arba'in da wani abu ina cewa mahaifina bai taɓa kirana ba.

Bai kai damina ba Allah ya karɓi abinsa. Bayan an watse daga zaman makoki na buɗe abin da muka ɗauka ranar. Irin wannan kibod ba ya ɗaukar murya, don haka babu tarinsa a ciki, babu maganarsa, babu "na'am" ɗina. Abin da yatsunsa suka yi kawai ya ajiye: 'yan sanduna biyar a kan allo suna hawa, a ƙarƙashinsu kuma wani siririn layi da ya miƙe, ya zo ƙarshe ya lanƙwasa ƙasa kaɗan, inda babban yatsansa ya murza taya. Na nuna wa Sista layin na ce ga sunana. Ta cire tabarau ta goge ido, sannan ta ce in kwafe shi wuri uku, don wannan laftof ba abin yarda ba ne.

Na kwafe. Laftof ɗin tana nan, ta ƙara nawa, kibod ɗin kuma yana cikin zani a saman kabad da tsagarsa biyar. Ba kullum nake kunna busar ba. Amma duk ranar da na kunna, idan ta zo wurin lanƙwasar nan sai na amsa, ko da ni kaɗai ce a ɗakin.